Makulli a rumfunan Dala: littafin aikinmu na zaɓen gwamna

Asabar 15 ga Oktoba 2022

Ranar Laraba 12 ga wata aka buɗe kamfen ɗin gwamnoni da 'yan majalisar jiha, yau kuma muka yi zamanmu na farko a zauren gidanmu bayan la'asar, mu tara ne, tabarma biyu ta ishe mu. Nace zan riƙa rubuta abin da muke yi saboda kar a wayi gari bayan zaɓe kowa na faɗin nasa, kuma duk wanda zai ɗauki aikin nan bayanmu ya san inda muka tsaya.

Aikin da muka ɗora wa kanmu ɗaya ne, mu samar wa jam'iyyar PRP mai alamar makulli ejan a rumfuna 60 da muka zaɓa a mazaɓarmu da biyu da ke maƙwabtaka da mu a ƙaramar hukumar Dala. Ba taro ba, ba gangami ba, wannan akwai masu yinsa tare da ɗan takararmu na gwamna Salihu Tanko Yakasai. Mu namu shi ne ranar zaɓe a samu mutum mai rataye da katin jam'iyya a kowace rumfa, ya zauna tun safe har a ƙirga, ya karɓo takardar sakamako ya kawo. Kano na da rumfuna 11,222 a ƙananan hukumomi 44, to ka ga 60 ɗinmu ɗigo ne a teku, amma ɗigon nan shi ne abin da hannunmu zai iya riƙewa kuma gara mu riƙe shi da kyau da mu ce za mu rungume Dala gaba ɗaya mu tashi a tutar babu.

An raba aiki. Ni ne mai littafi da tattara sunaye, wani malamin firamare shi ne ma'aji, ƙanwar babata kuma wadda muke ce wa Inna ita ta ɗauki ɓangaren mata. Kowa zai riƙa kawo abin da ya samu duk Juma'a.

Lahadi 30 ga Oktoba

Sati biyu muna shiga majalisu da shagunan teloli da wajen masu shayi, kuma tambayar da ta fi yawa ita ce "wai PRP tana nan har yanzu?" Matasa da yawa ma in kace PRP sai suce au PDP, sai ka sake maimaitawa kace a'a mai makulli, ta Malam Aminu. Wannan ruɗanin ba ƙaramin abu ba ne domin a takardar ƙuri'a ana jera jam'iyyu ne bisa haruffa, PDP tana sama mu muna ƙasanta daf da daf, lema sannan makulli. Na rubuta a littafi cewa duk inda muka je mu daina yawan faɗin haruffan, mu riƙa cewa makulli kawai, alamar ita mutum zai gani a cikin ɗan akurkin dangwala ba sunan ba.

Amma dattawa daban ne wallahi. Jiya mun shiga wajen wani tsoho da ke bayan layinmu, tsohon maɗinkin hula ne idonsa ya yi rauni yanzu, da na gaishe shi nace Baba mun zo ne kan maganar PRP sai ya gyara zama yace a miƙo masa wata tsohuwar jaka daga ƙarƙashin gado, ya zazzage ta a kan buzu, takardun asibiti ne da rasit rasit na haraji da suka yi ja saboda tsufa, a cikinsu ya lalubo katinsa na jam'iyya tun na jamhuriya ta biyu, gefensa ya cinye amma makullin na nan ana gani. Ya riƙe rasit ɗin harajin a hannu ɗaya katin a ɗaya hannun yace "ɗan nan, wannan ne ya kashe wannan." Yana nufin soke haraji da jangali da gwamnatin Abubakar Rimi ta yi bayan an ci zaɓen 1979. Mu da muka taso ba mu san azabar haraji ba, ba mu ga an shanya magidanci a rana a ƙofar gidan mai unguwa saboda ya kasa biya ba, to shi ya gani, kuma yana ba mu labari muryarsa na rawa.

Yace shi ba zai iya zaman rumfa ba amma jikansa zai yi. Jikan na tsaye a bakin ƙofa yana danna waya, jar hula ce ma a kansa, yace Baba ni fa ka san inda nake. Tsohon bai yi faɗa ba, cewa ya yi to ka raka ni in dangwala nawa kai ma ka dangwala naka. Na so wannan maganar sosai.

Sunaye zuwa yau: 14.

Juma'a 11 ga Nuwamba

Yau shekara biyu cif da rasuwar Balarabe Musa, tsohon gwamnan Kaduna na PRP, Allah ya jiƙansa. Bayan masallaci mu huɗu muka taka zuwa Gwammaja gidan Mambayya, muka yi wa Malam Aminu addu'a, shi kuma watan Afrilu mai zuwa zai cika shekara 40 da rasuwa, 17 ga Afrilun 1983. Gidan yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, kuma duk sanda na shiga abin da ke kama ni shi ne ƙanƙantar ɗakunan da mutumin ya rayu a ciki.

A hanyar dawowa wani yaro daga cikinmu, ɗalibi ne, yake tambaya ta to in jam'iyyar nan ta taɓa riƙe Kano da Kaduna lokaci guda me ya cinye ta. Nace masa gaskiya rikicin cikin gida ya fara cin ta kafin na waje, aka rabu gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, majalisar Kaduna da NPN ta fi rinjaye a ciki ta tsige Balarabe a watan Yunin 1981 ko kwamishinoni ba ta bar shi ya naɗa ba, Rimi ya koma NPP, duk da haka Sabo Bakin Zuwo ya ci Kano da makulli a 1983, wata uku sojoji suka zo. Ban ɓoye masa komai ba don ba na son mu tara yara da labarin da aka yi wa kwalliya, in suka ji sauran a waje sai su ɗauka yaudararsu muka yi. Tun daga NEPU a 1950 gidan nan bai taɓa rabuwa da gardama ba, kuma masu gardamar nan su ne suka koya wa talakan Kano cewa yana iya kallon mai mulki ya ce a'a.

Lahadi 4 ga Disamba

Fosta 200 muka buga da kuɗin aljihunmu, muka liƙa daren Alhamis, safiyar Asabar fiye da rabi an liƙa wasu a kai ko an yage. Ban san su waye ba kuma ba zan zargi kowa ba. Mun yanke shawarar ba za mu sake kashe ko kwabo kan fosta ba, sauran kuɗin na hoton fasfo ne da abincin ejan ranar zaɓe. Doka ta yarda ɗan takarar gwamna ya kashe har naira biliyan 1, mu ma'ajinmu a cikin gwangwanin madara yake ajiye namu. A rediyo ma kullum da daddare sojojin baka ne na manyan jam'iyyu ke ta musayar wuta, kuɗin fili ya fi ƙarfinmu, to bakinmu da ƙafarmu su ne rediyonmu.

Sunaye: 31. Mata 6 ne kawai a ciki.

Laraba 28 ga Disamba

Satin nan ya ba ni wuya. Ba kamar da ba da ake kai sunayen ejan a takarda, yanzu sai an ɗora su a shafin hukumar zaɓe da hoto da bayanan katin mutum, wa'adin na shugaban ƙasa da majalisar tarayya jibi ne 30 ga wata, na gwamna kuma 6 ga Janairu. Mu namu shi ne mu tattara komai mu miƙa wa wanda ke ɗorawa a matakin jiha, amma tattarawar ita ce aikin. Wani ya ba ka suna ba hoto, wani hoton da ya kawo na ɗaurin aure ne da babbar riga da mutum biyu a bayansa, wani sunan da ke katin zaɓensa daban da wanda duk unguwa ta san shi da shi, sai ka yi ta kiran waya kana tambaya wai Malam wane ne wannan, ashe maƙwabcinka ne.

Jiya na kwashi mutum takwas a adaidaita biyu zuwa wani shagon hoto, muna zuwa aka ɗauke wuta, mai shagon yace janareto ba mai, ga wahalar man da ake ciki, sai muka rataya farin zanin gado a bangon zaure muka ɗauke su da waya ɗaya bayan ɗaya, hazo ya sa hasken ya yi laushi hotunan ma suka fi na shago kyau. Daga nan na kwana ina rage nauyin hotuna ina turawa, sabis na zuwa yana tafiya, sai wajen ƙarfe biyu na dare ya daidaita.

Inna ta yi ƙoƙari ba kaɗan ba. Ita ba a waya take nata ba, gida gida take shiga, ta fara gaisawa da maigida tukuna ta nemi izini kafin ta yi wa matar magana, wasu mazan sun ce a'a saboda tsoron 'yan daba kuma ba za ka ga laifinsu ba, duk wanda ya ga abin da ya faru a zaɓen cike gurbi na 2019 bayan inkonkulusib, musamman a Gama, ba zai so matarsa ta kai dare a rumfa ba. Amma muna buƙatar matan, layin mata shi ya fi tsawo a yawancin rumfunanmu kuma a can ake yin abubuwan da namiji ba zai iya kutsawa ya gani ba. Inna takan ce musu su Gambo Sawaba ɗauri suka sha kafin macen Arewa ta samu ƙuri'ar nan, zaman yini ɗaya ba zai gagare mu ba.

Asabar 7 ga Janairu 2023

An rufe jiya. Mun miƙa sunaye 47, mata 11. Rumfuna 13 ba mu samu kowa ba, na ja musu layi da jan biro, zan ga ko ejan ɗin rumfar da ke kusa zai iya leƙawa ya ɗauki hoton takardar da ake mannawa a bango.

Hukumar zaɓe ta sauko da rabon katin zaɓe zuwa mazaɓu tun jiya, to gobe za mu bi ejan ɗinmu ɗaya bayan ɗaya mu tabbatar kowa katinsa na hannunsa, akwai mutum biyar da suka yi rajista a bara kafin a rufe a ƙarshen Yuli ba su karɓa ba har yanzu.

Lahadi 22 ga Janairu

Horon farko. Mun aro aji ɗaya a wata islamiyya bayan an tashi yara, mutum 33 suka zo, sanyi ana ta kaɗa haƙora, Inna ta kawo kunu a babban fulas.

Malamin firamaren nan namu shi ya ja zaman kuma ya iya koyarwa, ya zana fom EC8A a allo babba da layukansa duka, yace wannan takardar ita ce zaɓen, duk abin da aka yi tun safe in bai shiga cikinta daidai ba an yi aikin banza. Ya nuna musu inda ake rubuta yawan masu rajista, da yawan waɗanda aka tantance, da ƙuri'un da suka lalace, da na kowace jam'iyya a lamba da kuma a kalmomi. Abin da ya fi nanatawa shi ne kafin a fara ƙirga ejan ya nemi a nuna masa adadin da ke kan na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ya rubuta a tafin hannunsa ma in babu takarda, domin a sabuwar dokar zaɓe ta 2022 in ƙuri'un da aka jefa suka haura yawan waɗanda na'ura ta tantance to an yi aringizo kenan kuma soke rumfar ake yi. Sannan bayan an cike fom jami'in rumfa zai sa hannu ya buga hatimi, ejan su sa hannu, a ba kowa kwafinsa, a ɗauki hotonsa da na'urar a tura IReV, shafin hukumar zaɓe na ɗora sakamako. Yace kar wanda ya sa hannu a fom ɗin da ba a cike ba ko da wa ya roƙe shi, ko an ce magariba ta yi ana sauri.

Muka yi gwaji da kwalin taliya a matsayin akwati, aka yanka takardu aka zana alamomi, tawadar kuma shuɗin bula aka jiƙa. A nan muka gano wani abu, in mutum ya dangwala ya naɗe takardar ta kwance tun tawada ba ta bushe ba sai ta shafi wani gidan, ga shi mu muna manne da PDP, ƙuri'a ta zama ta gardama. To yanzu abin da muke koya wa mutanenmu a dangwala a tsakiyar gidan makulli, a ɗan jira, a naɗe ta tsaye.

Wata baiwar Allah mai sayar da awara ta ɗaga hannu tace "Malam, to in aka ƙirga aka ga makulli ƙuri'a biyu ya samu ko ma babu, in zauna har ƙarshe?" Ajin ya yi tsit don kowa tambayar na ransa. Nace mata Yaya ki zauna, biyun nan mutum biyu ne suka baro gida suka bi layi a rana, haƙƙinsu ne a rubuta 2 kar a rubuta 0, kuma idonki a wajen yana tsare ƙuri'ar kowa ne har ta waɗanda ba namu ba. Ta gyaɗa kai ta rubuta wani abu a bayan littafin ɗanta.

Lahadi 5 ga Fabrairu

Canjin kuɗi ya tsayar da komai. An ƙara wa'adin tsofaffin takardun 200 da 500 da 1000 daga 31 ga Janairu zuwa 10 ga wannan wata amma sababbin babu su, mun kai abin da ke gwangwani banki don kar ya mutu a hannunmu yanzu kuma fitar da shi ya zama aiki. Ma'aji ya yi sallar asuba a bakin ATM sau biyu satin nan, na farko kuɗi ya ƙare saura mutum shida a gabansa. Masu POS kuwa abin da suke cira a kan kowace dubu sai ka riƙe baki.

Horo na biyu da muka sa yau mutum 12 ne suka zo, kuma na san dalili, wanda bai samu na cefane ba ba zai biya kuɗin adaidaita ya zo jin bayanin fom ba. Mun canza tsari, maimakon a tara su mu za mu riƙa bin su, an raba 47 ɗin gida huɗu kowane ɗayanmu ya ɗauki nasa ya je har gida ko shago. Na buɗe gurup a WhatsApp amma kusan mutum 15 ƙaramar waya suke riƙewa, su sai kira.

Abincin ranar zaɓe mun yi magana da wata mai abinci a unguwa ta yarda a yi mata tiransifa, Allah ya saka mata.

Lahadi 19 ga Fabrairu

Katin rataye na ejan ya iso, ina rabawa. An kuma sauya wa mutane da dama rumfa saboda rage cunkoso, an mayar da su sababbin rumfunan da aka ƙirƙira a 2021, ciki har da ejan ɗinmu uku, to sai sun je can sun jefa tasu sun dawo inda aka tura su aiki. Duk wanda muka haɗu da shi muna ce masa ya duba rumfarsa tun yanzu kar ya bari sai ranar.

Lahadi 26 ga Fabrairu

Jiya aka yi na shugaban ƙasa da majalisar tarayya, mu a wajenmu gwaji ne na ranar gwamna duk da muna da ɗan takara a sama, Kola Abiola. Ga abin da na gani da idona, ban da na ji an ce.

Cikin 47, mutum 35 suka fito. Cikin 35 ɗin, 26 suka kawo min kwafin sakamako ko hotonsa. Sauran wasu sun tafi sallar la'asar ba su dawo ba, wasu wayarsu ta mutu, biyu kuma sun ce da aka fara hayaniya wajen ƙirga suka bar wajen kuma na ce musu sun yi daidai, babu takardar da ta kai ran mutum.

Na yini a kan babur ɗin aro ina zagayawa. A wata rumfa a cikin lungu na tarar da mai awaran nan zaune a kan benci ita kaɗai mace cikin ejan shida, an kunna fitilun waya ana ƙirga bayan isha, jami'ar rumfar 'yar bautar ƙasa ce muryarta har ta dushe, tana ɗaga kowace takarda jama'a na amsawa da ƙarfi, kwandon kayan marmari na NNPP ake ta kira ba ƙaƙƙautawa, can sai aka ɗaga ɗaya aka ce makulli, wani ya yi dariya, ita kuwa ta ja layi ɗaya a takardarta ba ta ko ɗago kai ba. Aka gama uku muka samu a wajen. Da aka zo cike fom ta miƙe ta leƙa ta tabbatar an rubuta 3 a gidanmu ba a gidan sama ba, sannan ta sa hannu. Da ta miƙo min kwafin ta naɗe shi ne a cikin leda ta saka a cikin hijabi kamar kuɗin adashe.

Gyaran da za a yi kafin na gwamna: fawa bank ko da guda goma ne, biro da ƙaramin littafi ga kowa, sannan a haɗa ejan ɗinmu da wani ɗan uwansa da zai tsaya kusa ya riƙe masa waje in zai je salla.

Asabar 4 ga Maris

Sakamakon Kano ya nuna inda iska ke kaɗawa, Kwankwaso 997,279, Tinubu 517,341. Tun daga ranar garin ya rabu biyu, ko kana wajen Abba na NNPP ko kana wajen Gawuna na APC, babu wanda ke son jin akwai na uku. Ejan ɗina huɗu sun kira sun ce in yi haƙuri sun koma wani wajen, ɗaya ya faɗa min gaskiya cewa can an yi masa alƙawarin abin da mu ba mu da shi kuma matarsa ta kusa haihuwa. Nace Allah ya sauke ta lafiya, ya dawo min da katin rataye kawai.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne zaman da muka yi da yayana daren jiya a ƙofar gida. Yace kai yanzu don Allah me kake nema, ka san ba za ku ci ba, a 2019 da 'yar tazara kaɗan aka yi ta rigima, kowace ƙuri'a da kuka ja gefe kun taimaki wanda ba kwa so ne, ɓata ƙuri'a kawai. Nace Yaya na ji ka kuma maganarka ba shirme ba ce, ni ma na kwana da ita. Amma ƙuri'ar da mutum ya jefa wa abin da ya yarda da shi ban ga yadda ta ɓaci ba, kuma in kowane zaɓe aka ce a bari sai na gaba yanzu lokacin manya ne, to yaushe ne lokacin zai zo. Na tuna masa a Fabrairun 2020 hukumar zaɓe ta soke rajistar jam'iyyu 74 saboda ba su ci komai ba, saura 18, makulli ya tsira ne don mutanen Bauchi sun ba shi kujeru biyu na majalisar wakilai a 2019, da su ma sun ce kar mu ɓata ƙuri'a da yanzu babu jam'iyyar gaba ɗaya, da katin tsohon nan na bayan layi ya zama takardar tarihi kawai. Kuma jam'iyyun da yake kira manya, NNPP ɗin ma shekara biyu baya wa ke maganarta a Kano.

Yace to ai su suna da Kwankwaso ku wa kuke da shi. Nace muna da mutum 43. Ya yi shiru, ni ma na yi shiru, aka kira sallar isha muka tafi tare.

Kotun ƙoli jiya ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki har ƙarshen Disamba, amma a kasuwa har yau mutane na ɗari ɗari da karɓa.

Alhamis 9 ga Maris

An ɗage. Daren jiya hukumar zaɓe ta sanar an mayar da zaɓen gwamna daga 11 zuwa 18 ga wata don a samu lokacin sake saita na'urorin BVAS. Na kira mai abinci tun da asuba kafin ta sayi kayan miya. Sati ɗaya ƙari ne gare mu, zan yi amfani da shi in sake zama da mutum tara ɗin da suka fito ranar 25 amma ba su kawo takarda ba.

Ana ta yaɗa saƙo a gurup gurup wai ƙananan jam'iyyu duk sun janye, mutum uku sun turo min suna tambaya. Na yi murya na tura wa kowa, makulli na kan takarda, wanda ya ji wani abu ya kira ni kafin ya tura wa wani.

Juma'a 17 ga Maris

Kamfen ya rufe ƙarfe 12 na daren jiya. Garin ya yi wani irin shiru, motocin jami'an tsaro na ta wucewa ta titin Gwammaja, a masallaci liman ya yi ta jan hankalin iyaye su riƙe 'ya'yansu gobe.

Lissafin ƙarshe: ejan 41, biyu sun yi tafiya. Fawa bank 9 muka samu, aro ne duka, na rubuta sunan mai kowanne a jiki da salatif. Kowa ya karɓi biro biyu da littafi da kuɗin ruwa. Na ce musu bakwai da rabi kowa na rumfarsa tun kafin a buɗe ƙarfe 8:30, a duba akwati a ga babu komai ciki kafin a rufe shi, takardu biyu ne gobe ta gwamna da ta ɗan majalisar jiha kar a manta da sakamakon ta biyun. In an ga alamar tashin hankali a bar wajen a kira ni daga nesa. Matan kuma Inna ta shirya wanda zai rako kowacce gida in dare ya yi.

Bayan magariba jikan tsohon nan ya zo har gida da jar hularsa, yace Baba ne ya aiko shi wai a tambaye ni ko rumfarsa na nan inda take ko an sauya masa, don da sassafe yake so a kai shi kafin rana ta yi zafi. Na duba masa, tana nan a makarantar firamare. Nace ka zo da kujera, layin maza ba inuwa a wajen.

Babur na ƙofar gida da mai rabin tanki, wayoyi biyu na caji. Zagayen farko zan fara ne daga rumfuna shida na bakin kasuwa, su suka fi ba mu matsala ranar 25.